Barazana, Kafa da Kasada: Kalmomin Tsaron Manhaja da Yadda Masu Gina Ta Ke Yanke Shawara

1. Gabatarwa

Nufin wannan takarda shi ne a duba waɗansu kalmomi na Hausa waɗanda masu rubuta manhajar kwamfuta ke buƙata in sun zauna shawara a kan tsaron abin da su ke ginawa, sa'an nan a duba yadda ita kanta shawarar ke gudana a bakin Bahaushe. An ɗauko misalai daga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, saboda dalilai biyu. Na farko, sha'anin kuɗi ya koma cikin waya a waɗannan wurare kamar yadda ya koma a manyan birane. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, aka kuma sha wuyar ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, mai sayar da hatsi ko ɗan akuya a kasuwar Sara ya saba da karɓar kuɗinsa ta waya ko ta hannun mai POS. Na biyu kuwa, garuruwan nan sun daɗe da sanin zaman bakin daga, saboda haka Hausar da suka gada cike ta ke da kalmomin tsaro waɗanda za su yi mana amfani.

Samarin da ke koyon wannan sana'a a makarantar fasahar kwamfuta ta Kazaure, wadda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Turanci a ke karantar da su, umurnin da su ke rubuta wa na'ura ma daga kalmomin Turanci aka tsara shi. Amma in an tashi daga gaban na'ura aka zauna don a yanke abin da za a yi, da Hausa a ke gardama. A nan ne kuwa wahala ke ɓullowa, domin kalma ɗaya tak, watau "kutse", ita a ke ɗora wa kowane irin kaya. Wanda aka yaudara ya faɗi lambar sirrinsa an yi masa kutse, wanda wayarsa ta ɓace an yi masa kutse, wanda akawu ya ci amanarsa shi ma an yi masa kutse. Mutane biyar da ba su da suna dabam-dabam ga abubuwa dabam-dabam ba za su iya daidaitawa a kan wanda za su fara magancewa ba. Wannan shi ne gindin maganar.

2. Abin da garin bakin daga ya sani

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Birnin Kudu da Gwaram cikin ƙasar Kano su ke, a gefenta na kudu maso gabas. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ningawa sun riƙa fitowa daga duwatsunsu suna kai hari a wannan yanki, suna kwasar mutane da dabbobi, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Garin da ke zaune a irin wannan hali tilas ya mallaki ganuwa da gwalalo da sarƙaƙiya, da ƙofofi masu ƙyaure, da sarakunan ƙofa masu rufewa in rana ta faɗi, da magewaya masu kawo labarin abokan gaba.

To, mai garin da ya san aikinsa yana rarrabe abubuwa huɗu a ransa, ko da bai taɓa jera su da baki ba. Ya san akwai mahara a bayan dutse, ko sun zo bana ko ba su zo ba. Ya san inda ruwan damina ya zaizaye ganuwa har yaro na iya haurawa. Ya san ranar da mahara suka zo, da hanyar da suka biyo. Sa'an nan ya san cewa mutanen da zai tara aikin gayya ba za su isa a gyara ko'ina kafin kaka ba, don haka sai ya zaɓi gefen da za a ɗaga, ya bar wani gefen yana sane. Waɗannan huɗu su ne ainihin abin da masana tsaron kwamfuta ke rarrabewa, kuma Hausa ba ta rasa sunan ko ɗaya ba.

3. Kalmomi huɗu

Barazana. Wannan ita ce kalmar da gidajen rediyo suka zaunar don nufin duk wani mutum ko wani abu da ke iya jawo ɓarna, ko ya jawo ko bai jawo ba tukuna. Mun karɓe ta, amma da kashedi. A tsohuwar Hausa barazana tsoratarwa ce ta baki, shi ya sa a kan ce "barazana ce kawai", watau ba abin da zai biyo baya. A wannan fanni kuwa mafi munin barazana ita ce wadda ba ta yin magana. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa ma'anar ta faɗaɗa, har ta haɗa da gobara, da tsawa, da ma'aikacin da ya share bayanai bisa kuskure.

Kafa. Ita ce raunin da ke jikin ginin kansa, wanda barazana za ta bi ta shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangare shi ne barazana, tsagar ita ce kafa. Mun fi son wannan kalma a kan "rauni" ko "ɓaraka", domin tana ɗauke da ma'ana biyu da mu ke so, watau 'yar ƙofa da kuma dama, kamar a cikin "ya sami kafa". Sai dai mai rubutu ya kula da ƙugiya, kada ta rikice da ƙafa ta tafiya. Gyaran da masu manhaja ke aikowa don toshe kafa kuwa, "faci" ya ishe shi suna, tun da kowa ya san facin taya.

Hari. Shi ne aikin da aka aikata a wata rana, ta wata kafa. "Kutse" iri ɗaya ne daga cikin ire-iren hari, watau shiga inda ba a ba mutum izini ba. Masu yinsa a kan kira su masu kutse, waɗansu marubuta kuma su ce 'yan dandatsa.

Kasada. A nan ne masu fassara suka fi tuntuɓe, domin da yawa "haɗari" su ke sawa. Amma in Bahaushe ya ce "an yi haɗari", abu ya riga ya auku, mota ta kife. Kasada kuwa tana gaba, kuma da mai ita: wani ne ke yin kasada, yana sane, bayan ya auna riba da hasara. Mai garin da ya bar gefen yamma ba gyara kasada ya yi. Saboda haka kasada ita ce awon abu biyu a haɗe, watau sauƙin aukuwar ɓarna da kuma girmanta in ta auku.

Abin da ya faru a 2017 zai bayyana huɗun nan. Akwai wata kafa a manhajar Windows, wadda kamfanin Microsoft ya fitar da facinta ran 14 ga Maris na shekarar. Ran 12 ga Mayu sai wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana kulle bayanai tana neman fansar dala 300. A Ingila ta faɗa wa asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita wajen sau 19,000. Barazana ta kowa ce, kafa ma ta kowa ce, amma waɗanda suka liƙa faci cikin wata biyun nan sun kuɓuta. Waɗanda suka jinkirta sun yi kasada, ko da yake mafi yawansu ba su zauna sun yanke cewa za su yi ta ba. Garin da ke da babban asibitin tarayya, kamar Birnin Kudu, ya cancanci a karanta wannan labari a makarantunsa.

Nahawun Hausa ma yana da taimakon da zai yi a nan. A kason da F. W. Parsons ya yi wa aikatau a 1960, aji na bakwai shi ne mai ƙarewa da wasalin "u", kamar gyaru da ƙetaru da shigu. In aka sa shi cikin lokaci mai ci, sai ya nuna yiwuwar abu: kogi yana ƙetaruwa, mota ba ta gyaruwa, gidan ba ya shiguwa. Da wannan sai mu sami jimla biyu masu kaifi. "An kutsa manhajar" labarin hari ne. "Manhajar tana kutsuwa" labarin kafa ne. Ta farko tana neman a tashi cikin dare, ta biyu tana neman a zauna shawara da safe.

4. Ire-iren barazana shida

A 1999 ma'aikatan Microsoft biyu, Loren Kohnfelder da Praerit Garg, suka kasa barazana gida shida, kason da aka sani da sunan STRIDE, daga haruffan farko na sunayensu na Turanci. Don a ga amfaninsa, bari mu ƙaga misali. A ɗauka samari biyar a Birnin Kudu suna gina wa wata ƙungiyar manoma ta ƙasar Gwaram manhajar da za ta riƙe lissafin bashin taki da zubin adashe. Ƙungiyar tana da wakilai a Sara da Basirka da Fagam, kowane da wayarsa, bayanai kuwa suna taruwa a rumbu ɗaya ta intanet. Ga sunayen da mu ke ba da shawara a yi amfani da su.

Na ɗaya, sojan gona, watau wani ya fito da sunan wani. Ɓarawo ya sace wayar wakilin Sara, ko ya yaudari kamfanin waya aka sabunta masa layin wakilin, sai saƙon tabbatarwa ya riƙa zuwa hannunsa. Wanda ke buga waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, a faɗa masa lambar BVN, shi ma nan ya faɗo.

Na biyu, algus, watau a taɓa bayani a sauya shi. Buhu goma da manomi ya karɓa su koma biyu a cikin rumbu, ko a nuna wa wakili alat na bogi ya ɗauka kuɗi sun shiga. Duk mai zuwa kasuwa ya san algus a cikin mudu, don haka kalmar ba ta buƙatar dogon bayani.

Na uku, inkari, watau mutum ya aikata abu ya ce bai aikata ba, a kuma rasa shaidar da za a kama shi da ita. Maganinsa shi ne manhaja ta riƙa rubuta wanda ya yi kowane aiki, da sa'ar da ya yi shi, a wurin da shi kansa ba shi da ikon gogewa.

Na huɗu, tonon asiri. Sunayen masu bashi su fita su shiga WhatsApp na gari. Ba a saci ko kwabo ba, amma an zubar da mutuncin magidanta, ƙungiya kuwa ba za ta sake ganinsu ba.

Na biyar, tare hanya, watau a hana masu hakki aiki. Yana iya zama mahara ne suka cika rumbu da buƙatun banza har ya kasa amsa kowa, yana kuma iya zama rashin sabis ne ran kasuwa. Ga manomin da ya yi sammako, duka ɗaya ne.

Na shida, naɗin kai, watau ƙaramin ma'aikaci ya sami ikon da ba a ba shi ba. Wakilin da aikinsa shigar da zubi ne ya gano hanyar da zai yafe wa kansa bashi, kamar wanda ya naɗa wa kansa rawani ba da sanin sarki ba. Tun a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka kafa ƙa'idar cewa kada a ba kowa iko fiye da abin da aikinsa ke buƙata, kuma babban al'amari kada ya buɗu da mabuɗi ɗaya.

Mai karatu zai lura cewa ba ko ɗaya daga cikin kalmomin nan da aka ƙirƙira. Kowace tana da gidanta a kasuwa ko a kotun alƙali ko a fada, abin da aka yi kawai shi ne an ba ta sabon aiki.

5. Zaman shawara

Sanin sunaye bai wadatar ba, sai an zauna an yanke. Adam Shostack, wanda ya wallafa littafi a kan wannan fanni a 2014, ya taƙaita zaman cikin tambayoyi huɗu: abin da a ke ginawa, abin da ka iya lalacewa, abin da za a yi a kai, da kuma ko aikin da aka yi ya yi kyau. Samarinmu biyar za su zana hoton manhajar a allo, su nuna inda bayani ke fita daga hannun wani ya shiga hannun wani, domin nan ne ƙofofin gari. A kowace ƙofa sai su bi barazana shidan nan ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai awo. A ba sauƙin aukuwa maki daga 1 zuwa 5, a ba girman ɓarna haka nan, a ninka su. In an ce satar wayar wakili tana da 4 wajen sauƙi da 3 wajen ɓarna, ta sami 12. In an ce ƙwararrun mahara na ƙasashen waje suna da 1 wajen sauƙi da 5 wajen ɓarna, sun sami 5. Lissafin ba na ma'auni ba ne, ƙiyasi ne, amma yana hana samari su ɓata mako guda a kan abin da ya fi daɗin hira, su bar wayar da ke kwana a aljihun wakili ba kulle.

A nan fa al'adarmu ke shigowa. An ce shawara ɗaukar ɗaki, sai kowa ya sa hannu. Amma yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya musa wa na gaba da shi a cikin taro. In shugaban aiki ya ce "ina ganin wannan ba kome", sai a ji "haka ne, ranka ya daɗe", ko "gaskiya ne, Yaya". Harshen ma ya tanadi hanyoyin ja da baya: "ban sani ba ko", "sai dai in", "wataƙila dai". Kunya da girmamawa abin yabo ne, kuma ba nufinmu a koya wa ɗalibai tsaurin ido ba. Amma sau da yawa ƙaramin cikin taron shi ne ya rubuta sashen da a ke magana a kai, shi kaɗai ya san inda bango ya tsage. In ya yi shiru don ladabi, makin da aka rubuta na mutum ɗaya ne, ko da yake biyar suka zauna.

Masu wannan sana'a a waɗansu ƙasashe sun gamu da irin wannan, suka kuma nemo dabara. A 2002 James Grenning ya fito da hanyar ƙiyasi da kati, a 2009 kuma Laurie Williams ta Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, da abokan aikinta suka juya ta zuwa sha'anin tsaro. Kowa yana riƙe da katuna masu lamba. In an karanta barazana, kowa ya zaɓi katinsa a ɓoye, sa'an nan a buɗe gaba ɗaya. In lambobi sun saɓa, mai mafi girma da mai mafi ƙanƙanta su faɗi dalilinsu, a sake jefawa. Kyawun wannan ga Bahaushe shi ne, yaro bai musa wa kowa ba, domin lokacin da ya zaɓi katinsa babba bai yi magana ba tukuna. In kuma aka ce ya yi bayani, amsa tambaya ya ke yi, amsa tambayar babba kuwa ladabi ne. Inda ba kati, 'yar takarda da alƙalami sun isa, ko kuwa a kafa doka cewa ƙarami ke fara magana, shugaba ya rufe.

Amfanin sauraron ƙaramin shakku ya bayyana a 2024. Akwai wata manhajar matse bayanai mai suna XZ Utils, wadda ke cikin kwamfutoci masu aiki da Linux a duniya duka, masu sa kai ne kuma ke kula da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimako har aka amince masa aka ba shi ikon shigar da gyara, sa'an nan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa. Da ɗan gari kan ci gari. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin wajen rabin daƙiƙa, bai raina abin ba, ya bi sawu har ya tona asirin ran 29 ga Maris, kafin ɓarnar ta yaɗu. Darasi biyu ke nan ga samarinmu: kada gyaran kowa ya shiga sai wani ya karanta shi, kome amincinsa, kuma wanda ya ce "na ga wani abu kaɗan" a bar shi ya ƙarasa.

Ƙarshen kowace barazana ɗaya ne daga cikin huɗu. Ko a kawar da ita, misali a daina ajiye lambar BVN tun da lissafin taki ba ya buƙatarta. Ko a rage ta, misali a sa manhaja ta kulle kanta in an bar waya minti biyu. Ko a miƙa ta ga wanda ya fi ƙarfi, misali a bar wa banki riƙon kuɗi. Ko kuwa a yi kasada a bar ta. Na huɗun nan halal ne, domin ba mai iya ɗaga ganuwa duka a shekara ɗaya, amma da sharaɗi: a rubuta shi, a sa sunan wanda ya yarda, a kuma sanar da shugabannin ƙungiyar manoma, tun da dukiyarsu ce a ke kasada da ita.

6. Wakilin suna "a"

Saura abu ɗaya na nahawu, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi. Hausa tana da wakilin suna wanda ba ya nuna kowa: an yi, a yi, za a yi, ana yi, a kan yi. Da shi mu ke sakaya mai aiki, don ladabi ko don rufin asiri. Uba ya ce "a kawo ruwa", yaran gida sun san wanda a ke nufi. Amma in taron samari biyar ya tashi a kan "za a duba" ko "a liƙa facin", kowa zai tafi gida yana zaton ɗan'uwansa ne "a".

Ba Hausawa kaɗai wannan cuta ke kamawa ba. A 2017 aka sanar da wata kafa a manhajar Apache Struts, aka fitar da facinta a farkon watan Maris. Kamfanin Equifax na Amurka, mai riƙe da bayanan bashin jama'a, ya aika wa ma'aikatansa masu yawa takarda ran 9 ga Maris cewa a liƙa facin cikin sa'a 48. Ba a liƙa shi a kan wata na'ura mai muhimmanci ba. Mahara suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutum wajen miliyan 147 suka fita. An san barazana, an san kafa, faci yana hannu, umurni ma an bayar. Abin da ya ɓace shi ne tabbacin wanda zai yi, da wanda zai duba ko an yi.

Saboda haka mu ke ba da shawara cewa a littafin taro kada hukunci ya fito da "a". Kowane layi ya ɗauki aikau mai suna, da aikatau, da rana: wane zai liƙa faci kafin Alhamis, wance za ta gwada ta ba da labari ran Juma'a. Doka ma ta sa wannan ya zama tilas. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mai riƙe da bayanan mutane sa'a 72 ya sanar da hukuma in an keta su ta hanyar da ka iya cutar da masu su, gyaran da aka yi wa Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 a 2024 ma ya mai da wa'adin kai rahoto sa'a 72. Kwana uku ba su isa a tsaya neman wanene "a" ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma akwai wurin da wannan wakilin suna ya fi kowane dacewa, watau zaman da a ke yi bayan ɓarna ta auku. Manyan kamfanonin manhaja sun gane cewa in bincike ya zama neman mai laifi, ma'aikata sai su ɓoye kuskurensu, kafa kuwa ta zauna a buɗe. Don haka su kan rubuta rahoto ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, abin da Turanci ke yi da ƙyar. Hausa kuwa a shirye ta ke: "an manta ba a sauya kalmar sirri ba", "an buɗe saƙon da bai kamata ba". Mutuncin kowa ya tsira, hankali kuma ya koma kan tambayar da ke da amfani, watau me ya sa tsarin aiki ya bar mantuwar mutum ɗaya ta isa ta buɗe gari. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: abin da ya wuce a faɗe shi da "an", abin da ke gaba a faɗe shi da suna.

7. Kammalawa

Kalmomin da aka kawo goma ne: barazana, kafa, hari da kasada, sa'an nan sojan gona, algus, inkari, tonon asiri, tare hanya da naɗin kai. Shawara ce aka gabatar, masu aiki da su ne za su zaunar da su ko su ture su, kamar yadda aka yi da kalmomin nahawu da adabi kafin su tabbata a makarantu.

Malaman kwalejojin horon malamai suna iya gwada su a aji ba tare da kwamfuta ko ɗaya ba. A kasa ɗalibai biyar-biyar, a ba su misalin ƙungiyar manoman nan, ko littafin sakamakon jarrabawa na makarantarsu, su nemo barazana shida, su auna su da 'yan takardu a ɓoye, su rubuta hukunci da suna da rana. Malamin Hausa zai sami darasin ma'ana da na wakilin suna a ciki, malamin kwamfuta kuma ya sami nasa.

Muna roƙon malamai, musamman na Jigawa da Bauchi da Kano, su tattaro mana kalmomin da masu POS da masu gyaran waya da 'yan kasuwa ke amfani da su a kan ire-iren zamba ta waya, kowace da jimlar da aka ji ta a ciki da garin da aka ji ta. In wata ta fi wadda mu ka kawo dacewa, ita za a ɗauka a takarda ta gaba.